Jikka goma a kan jaka guda: jakar rataya mai suna ta ci kuɗinta?

 

A wannan fitowa za mu taɓo wata magana da ke yawo a bakin mata, a wurin taron mako, a gidan biki, har a bakin famfo. Maganar jakar rataya ce, ƴar madaidaiciyar nan mai doguwar igiya da ake saƙalawa a kafaɗa, wadda aka manna wa haruffa masu ƙyalli a gaba: LV, ko GG, ko CC, ko Dior. Shekarun baya sai a hannun matan manya da masu dawowa daga Dubai ake ganin ta. Yau kuwa ta cika kasuwa, ta shiga lefe, ta shiga anko, ta shiga salula. Ɗiyanmu na so, mu ma iyaye ranmu na biyawa. Tambayar da mata da yawa ke yi ita ce: a saya ko a bari? In za a saya, wace iri, nawa, kuma da wane kuɗi?

Wani zai ce jaka ai ƙaramin abu ce, ba ta kai a ɓata takarda a kanta ba. Mu da ke riƙe da littafin asusu mun san ba haka zancen yake ba. Cikin rancen da ake ɗauka gab da salla ko lokacin bukukuwa, akwai wanda ba ya isa wurin sana'a. A kan atamfa da takalmi da jaka yake ƙarewa. Abin da ya taɓa akwati kuwa ya taɓa kowa, domin kuɗin ciki guminmu ne mu duka.

Abin dariya ma, a bakinmu na nan ƙasar kalma ɗaya ce. Sefa 1.000 jikka ce, abin zuba kaya ma jikka ce, saboda a da cikin jikka ake ƙulla kuɗi a ƙidaya. To bari mu ga jikka nawa ya kamata ta shiga cikin jikka guda.

Su wa ke da sunayen nan?

Haruffan da muke gani sunayen kamfanoni ne na Turai. LV na nufin Louis Vuitton, wani mai ƙera akwatunan tafiya da ya buɗe shagonsa a birnin Paris na Faransa a 1854. GG na Gucci ne, wanda aka kafa a Italiya a 1921. CC na Chanel ne, daga Paris, haka ma Dior. Zanen nan na haruffa da furanni a kan ruwan ƙasa da ya cika ko'ina, ɗan Louis Vuitton ne ya fito da shi a 1896, kuma cikin dalilansa har da toshe hanyar masu kwaikwayon kayansu. Kun ga ashe satar samfur ba yau ta fara ba.

A shagunansu na can, mafi yawan jakunkunan rataya na waɗannan kamfanoni sun haura yuro 1.000, wasu ma sun ninka haka sau biyar ko fiye. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kuma wannan canji ba ya motsi. Wato mafi yawansu sun haura sefa 656.000. Don a gane nauyin wannan kuɗi, ga awo biyu. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 sefa 42.000 ne a wata, ke nan sai ma'aikaci ya tara albashin wata goma sha biyar da ɗoriya, bai ci ba bai sha ba, kafin ya sayi guda. Sannan ƙungiya mai mata 25, kowace tana zuba dala ɗari (sefa 500) duk mako, abin da take tarawa a shekara sefa 650.000 ne. Zubin mata 25 na shekara cur bai cika kuɗin jaka ɗaya ba.

Akwai kuma abin da ya kamata kowa ta sani. Louis Vuitton ba ya ba ƴan kasuwa sari, ba ya sayar da sabuwar jaka sai a shagunansa da shafinsa na intanet, ba ya kuma yin rangwame. Ba shi da shago a Yamai, balle Maraɗi, Damagaram ko Tawa. Saboda haka duk sabuwar jaka mai LV da aka miƙo miki a kan jikka bakwai ko goma, ko da an rantse miki daga Dubai ta zo, kwafi ce. Ba sai an kira gwani ya duba ba, farashin kaɗai ya faɗa miki.

Wani abin mamaki, ko ta gaskiyar, jikin nan ruwan ƙasa mai haruffa ba fata ba ne. Yadi ne mai kauri da aka shafe da roba, hannu da gefuna ne kawai fata. Ɗinkin yana da kyau ƙwarai, amma mai saye a Paris ma, kaso mai yawa na kuɗinta suna take saye da shi.

Abin da ke cikin kasuwarmu

In kika zaga Babbar Kasuwa ko Wadata a Yamai, ko Kasuwar Dole a Damagaram ran Alhamis, ko kasuwar Maraɗi, jakunkunan rataya iri huɗu za ki tarar.

Ta farko ita ce sabuwar kwafi mai suna. Mafi yawansu a ƙasar Sin ake yin su, a loda a jirgin ruwa zuwa Lome ko Kotonu, ko su biyo ta Kano su shigo ta Jibiya da Ɗan Isa, ko ta Illela da Ƙonni. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, kaya da yawa sai sun zagayo ta Lome da Burkina, kuma kuɗin wannan doguwar hanya a kan mai saye yake saukowa. Su ma kwafin hawa-hawa ne: akwai ta jikka uku, akwai ta jikka ashirin da ake sa wa kwali da ƴar takarda a kira ta orijinal. Tsarabar Makka da ta Dubai ma sau da yawa daga masana'antu iri ɗaya suke fitowa.

Ta biyu ita ce sabuwa marar suna. Ita ma daga waje take, ita ma galibi roba ce, amma ba ta ari sunan kowa ba. Sau da yawa da ita da mai haruffan kayan haɗinsu ɗaya ne, bambancin ƴan ƙarafan gaba ne kawai, kuma a kansu ake ɗora miki ƙarin jikka biyu ko uku.

Ta uku ita ce ta gwanjo, wadda wasu ke kira bosho. A nan ne mai haƙurin tona dila takan dace da jakar fata ta gaske wadda aka ɗan yi amfani da ita a Turai, a kan kuɗi kaɗan. A nan ne kuma ake kwasar wadda ranta ya riga ya fita. Gwanjo sai da ido.

Ta huɗu ita ce ta gida, aikin dukawanmu, da fatar akuya ko ta tunkiya ko ta saniya. Za mu dawo kanta.

Me ya sa take saɓulewa?

Kowace cikinmu ta taɓa ganin jakar da ta fara zubar da fata kamar maciji ya yi saɓa. Ga dalili. Abin da ake kira fata a jikin kwafi, roba ce siririya da aka shimfiɗa a kan yadi, aka buga mata zanen fata da inji. Wannan roba ba ta shiri da zafi, ba ta shiri da gumi da laima. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafinmu yana wuce digiri 40, sannan damina ta zo da laima, hunturu ya zo ya busar da komai. Sai robar ta taurare, ta tsage, ta rabu da yadin. Wurin da ake lanƙwasawa ne ke fara tafiya: igiya, kusurwoyi, da bakin marfi.

Abin da mata da yawa ba su lura da shi ba shi ne, robar nan tana tsufa ko ba a rataya ta ba. Kwanakin da ta yi a jirgi, da watannin da ta yi a sito, da waɗanda ta yi a rataye cikin rana a bakin shago, duk daga cikin ranta aka cire. Shi ya sa za ki ga amarya ta ajiye jakunkuna shida na lefe a ƙasan akwati, bayan shekara ta buɗe ta tarar huɗu sun lalace ba ta taɓa fita da su ba. Ƙarafan masu ruwan zinariya ma shafe ne a sama, gumin hannu na cinye shi, sai su koma ja ko baƙi.

Kuma in ta fara saɓulewa, an gama. Baduku na iya ɗinka igiyar fata da ta tsinke, tela na iya canza zif, amma babu mai mayar da robar da ta ɓare.

Mu yi lissafi irin namu

Tun da aka fara tsarin Mata Masu Dubara a Maraɗi a 1991, babban abin da asusu ya koya wa mata shi ne lissafi kafin kashewa. To mu yi shi a kan jaka. Farashi ya bambanta daga gari zuwa gari, don haka ki sa na kasuwarku a madadin namu.

Mu ɗauka kwafi ce ta sefa 6.000, kina fita da ita kullum, ta yi miki wata shida. Ke nan jikka guda take ci miki kowane wata. A shekara sai kin sayi biyu, 12.000. A shekara biyar kin sayi goma, 60.000, kuma babu ko ɗaya da za ki iya ba ƙanwarki.

Mu ɗauka kuma ta fata ce mai kyan ɗinki, sefa 15.000, ta yi miki shekara biyar, kika kashe 3.000 wurin canza zif da gyaran igiya. Duka 18.000 a wata sittin, wato sefa 300 a wata, dala sittin. Wadda ta fi tsada ranar saye ita ce ta fi araha a ƙarshe. Magabata sun riga sun faɗa, araha ba ta ado.

Sai lissafi na biyu, wanda ya fi taɓa mu. Jakar jikka goma, ga mai zuba dala hamsin (sefa 250) a mako, zubin mako 40 ce, kusan zagaye guda na asusu. Ga mai zuba dala ɗari, zubin mako 20 ce. In kuwa rance aka ɗauka, a ƙungiyar da ke ɗora kashi 10 cikin 100 a wata, aka yi wata uku kafin a biya, to 10.000 ta koma 13.000. Ran da za ki gama biya, wataƙila igiyar ta fara tsagewa.

Jikka goman nan dai, in ta shiga gyaɗa aka fitar da mai da ƙuli-ƙuli, ko ta shiga waken suya aka yi awara, ko aka sayi ƴan kaji, ita ce za ta riƙa biyan kanta. Rancen sana'a yana da inda zai samo abin biya. Rancen jaka ba shi da shi, sai dai ki cire daga cefane, ko daga jarin da kike juyawa, ko ki sake cin wani bashi. Daga nan ne ake fara fashin taro, a fara kauce wa ma'ajiya a hanya, zumuncin shekaru ya yi tsami a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Irin wannan lissafi ya shafi jakar da dillaliya ke kawowa har ɗaki a kan biya kaɗan-kaɗan. Dala ɗari duk mako ba ta da nauyi a kunne. Amma ki tambaya mako nawa ne, ki haɗa, ki kwatanta da farashin kasuwa, sannan ki yanke shawara.

Fatar da ke ƙofar gidanmu

Abin takaici ne a ce muna ba da kuɗi muna sayen roba mai kama da fata, alhali ƙasarmu ƙasar fata ce. Jar akuyar Maraɗi ta yi suna a duniya saboda laushi da ƙarfin fatarta. Tun zamanin ayari ake ɗaukar jemammun fatun ƙasar Hausa a ƙetare Sahara da su, Turawa su saya a hannun ƴan arewacin Afirka, su riƙa kiran su fatar Maroko. Har gobe ana fitar da fatun awaki da tumaki daga wannan yanki zuwa Italiya da Sifen, inda ake ɗinka takalma da jakunkuna masu tsada.

Majemanmu da bagaruwa suke jima, jan launi kuma daga karan dafi ake samo shi. Dukawan Damagaram, da masu aikin fata na Tawa da Agadas, sun gaji wannan sana'a kaka da kakanni. A Yamai ana samun aikinsu a cibiyar masu sana'ar hannu ta Wadata, da gidan tarihi na Boubou Hama, da wurin baje kolin SAFEM na sana'o'in mata. Mu ma muna da mai suna namu: Alphadi, wanda ya fara bikin nuna tufafi na FIMA a 1998 cikin hamada kusa da Agadas, ya nuna wa duniya cewa aikin hannun nan ƙasar na iya tsayawa kusa da na kowa.

Amma mu faɗi gaskiya, don kada wata ta saya ta zo tana zagin mu. Jakar gida ma tana da nata aibu. Wata fatar ba a jeme ta da kyau ba, tana wari, musamman da damina. Wani rinin yana zuba, ya ɓata miki farin hijabi. Wasu dukawan suna sa zif mai araha a jikin fata mai kyau, wasu ba sa sa shafi a ciki. Wasu samfuran kuma don baƙi masu yawon buɗe ido aka yi su, ba su dace da shigar mace mai zuwa kasuwa ko asibiti ba.

Maganin wannan yana hannunmu, domin shi baduku ana iya zama da shi a yi magana, ba kamar masana'antar Sin ba. Ki kai masa hoton samfurin da kike so, ba tare da haruffan wani ba. Ki sayi zif mai ƙarfi da kanki ki kai masa. Masu rubutun YKK a jikin marikin, in na gaske ne, suna daɗewa. Ki ce ya sa shafi da ƙaramin aljihu mai zif a ciki, ya ninka ɗinki a inda igiya ta kama jiki. In kun haɗu ku goma ko ashirin kuka ba da aiki tare, farashi zai sauko, shi ma zai kula da aikin don yana son ku dawo. Kuɗin kuma a garin zai kwana: mai akuya ta samu, majemi ya samu, baduku ya samu.

Kafin ki miƙa kuɗi

Kowace iri kika zaɓa, kada ki yi cinikin biri a sama. Hoton WhatsApp da na TikTok ba ya nuna ɗinki. Ki riƙe ta a hannu, ki duba waɗannan:

Ki shinshina. Fata warin fata take, roba kuwa warin sabuwar leda ko na gam.

Ki duba bakin da aka yanka, ko bayan igiya. Fata za ki ga ɓawo-ɓawo kamar gashi-gashi a bayanta. Roba za ki ga zaren yadi ko soso.

Ki danna da yatsa. Fata tana yin ƴan ƙananan tamoji ta koma daidai, zanen jikinta kuma ba ya zama iri ɗaya ko'ina. Roba zanenta ɗaya ne sak daga sama har ƙasa.

Ki lanƙwasa igiya da kusurwa. In kika ga farin layi ko ƴar tsaga, ko jikin yana danƙo, ta tsufa a shago. Ki ajiye.

Ki ja igiya da ɗan ƙarfi a inda ta haɗu da jiki. Nan ne jaka ke fara mutuwa. Ɗinki ake so a wurin, ba gam ba.

Ki buɗe zif ki rufe sau biyar ko shida. In ya sarƙe a gaban mai shago, a gida ma zai sarƙe.

In ta gida ce, ki goga farin ƙyalle mai ɗan laima a jikinta ki ga ko rini zai biyo.

In ta gwanjo ce, ki juyo cikin waje, ki duba yagewa da fumfuna.

Sannan ki tambayi kanki abin da za ta ɗauka. Jakar yau da kullum ta mace irinmu dole ta ɗauki salula, katin shaida, littafin asusu, katin rigakafin yaro, makulli, biro da ɗan canji. Wasu masu sunan ko littafin asusu ba ya shiga sai an naɗe shi. Wadda ke hawa kabu-kabu ko shiga cunkoson kasuwa, doguwar igiya take buƙata da za ta ratsa ƙirji a ƙarƙashin hijabi, da zif a sama. Marfi mai maganaɗisu ɗan sane ba ya shan wahala da shi. Kuma ku tuna, ɓarawo ma haruffan nan masu ƙyalli yake fara hangowa.

In kin samu ta fata, ki kula da ita. Kada ki bar ta a rana, kada ki ɗaure ta cikin leda da damina, ki cusa mata takarda in za ki ajiye don kada ta lotse. Da hunturu ki shafa mata man kaɗe ɗan kaɗan, bayan kin gwada a wani lungu, don yakan ɗan duhunta launi.

Maganar ido

Lissafi kaɗai ba zai kashe wannan magana ba, mun sani. Ba don zuba makulli ake sayen jaka mai suna ba. Ana saye ne don kada a shiga gidan biki a ji an fi ki, don kada dangin miji su buɗe lefe su taɓe baki, don kishiya ta saya, don ɗiya ta ce duk ƙawayenta suna da ita. Wannan ciwo ne na gaske, babu wadda za ta ce ba ta san shi ba. Kuma son ado ba laifi ba ne. Mace ta wuni tana daka, tana suya, tana hidimar yara. In ta ce ranar biki tana so ta fito tsaf, haƙƙinta ne.

Sai dai mu duba wa muke burgewa. A taron mata hamsin, in ashirin suna rataye da LV, kowace ta san nawa ƴar uwarta ta saya, domin shago ɗaya suka je. Babu wadda ke yi wa rogo kallon kitse. Sunan da kowa ke da shi ya daina ɗaga kowa. Abin da ke sa a juyo a dube ki yanzu shi ne jaka mai tsabta, mai kyan ɗinki, da ta hau da zanenki, ko da suna ko babu. Ita kuwa mai manyan haruffa da saɓulallar igiya, tonon asiri take yi.

Ga iyayen amare da na angwaye, muna roƙo a sassauta. Jaka shida na roba a lefe, gara biyu masu kyau. Ragowar kuɗin a sa wa yarinya a abin da zai zauna, ko ƴar akuya, ko zubinta na farko a ƙungiya.

Ga ƴan uwanmu masu sayarwa

Cikinmu akwai dillalai da masu shago da ke ci da wannan sana'a, kuma ba mu rubuta wannan don mu kashe musu kasuwa ba. Shawara uku muke ba su. Ta farko, kada ki sari da yawa, domin kaya ne da ke lalacewa a ajiye, yayinsu kuma yana wucewa da sauri. Wanda bai fita da salla ba, zai iya kwana a kanki. Ta biyu, ki adana su a inuwa, ki rataya guda kawai don nuni. Ta uku, ki faɗi gaskiya. Ki ce, "Hajiya, wannan kwafi ce, amma ɗinkinta ya fi na waccan." Wadda kika gaya wa gaskiya za ta dawo ta kawo miki ƙawarta. Wadda kika rantse wa orijinal ce ta ɓare a wata biyu, ta tafi ke nan, kuma a wurin taro za ta ba da labari. Ki gwada haɗa kayanki da na dukawa ma, ki ga yadda kasuwa za ta karɓa.

To, a saya ko a bari?

Ga inda muka tsaya. Ta gaskiyar, mai sefa 656.000, ba tamu ba ce, kuma babu abin kunya a ciki. Kwafi mai tsada da ake kira orijinal, ita ce mafi muni a ciniki, domin kuɗin fata za ki biya ki ɗauko roba. Kwafi mai araha ko sabuwa marar suna, in kin san abin da kike saye, kina so don biki ɗaya ko biyu, kuma daga ribarki za ki cire, to ki saya ki more, amma kada ki sa ran za ta shekara. Don fita ta kullum kuwa, ta fata mai kyan ɗinki, ta gida ko ta gwanjo, ita ce ta ci kuɗinta.

Game da kuɗin saye, shawararmu ga ƙungiyoyi ita ce a tattauna a taro, a rubuta a cikin doka: rancen akwati na sana'a ne da lalura. Kayan ado a jira ranar rabo, ko a cire daga riba, ko masu so su kafa ɗan adashi daban na kayan salla tun wata biyar kafin lokaci. Mace biyar, kowace jikka uku a wata, duk wata guda na ɗaukar 15.000, ta sayi jakarta babu bashin kowa a kanta. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi da sakatarori su karanta wannan ga ƴan uwan da ba su yi yaƙi da jahilci ba tukuna. A mako mai zuwa kowace ta zo da jakarta, a baje a tabarma, a faɗi nawa aka saya da watannin da ta yi, a raba kuɗin da watanni a ga wadda ta fi. Ƙungiyar da ta san baduku mai aiki nagari a garinsu kuma ta sanar da maƙwabtanta.

Allah ya sa albarka a cikin asusunmu, ya rufa mana asiri. Sai fitowa ta gaba.